Yadda muka yi wa ƙungiyarmu rajista muka shiga gidaje bincike kan 'yan talla

Tun da muka gama aikin nan na unguwarmu mata ke ta tsayar da ni, wata a gidan biki wata a waya, tambayar dai guda ce, wai ta ina ake farawa in ana son kafa ƙungiya a yi wa mata marasa ƙarfi aiki. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu shi ne nace bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru da mu tun daga farko, har da inda muka yi tuntuɓe, ko wata ta huta da wahalar da muka sha. Ni malamar firamare ce a wata unguwa ta bakin garin Kano, irin unguwannin nan na awon igiya da ba kwata ba titin kirki, kuma abin da ya fara tayar min da hankali rajistar ajina ce. A aji biyu da uku mata har sun fi maza yawa, amma kafin a kai aji shida sai ki ga bencin mata ya koma rabi. Kuma ba wai sun ɓata ba ne, ina ganinsu da safe a bakin titi da bokitin awara ko farantin gyaɗa a ka. Ranar da na ga yarinyar da ta fi kowa iya lissafi a ajina tana ba wa ɗan adaidaita canji da ƙarfe tara na safe, ta hango ni ta sunkuyar da kai, wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

A watan Nuwamban 2022, lokacin da rediyo ke ta maganar rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa cewa mutum miliyan 133 a Najeriya na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin 100, kuma mafi yawansu a Arewa suke, muka fara zama a tsakar gidana mu bakwai. Malamai biyu, ma'aikaciyar jinya ɗaya, wata tela, wata Hajiya da mijinta ya rasu tana saida atamfa, sai maza biyu, ƙanin mijina da malamin Islamiyyar layinmu. Muka sa wa kanmu naira 2,000 kowane wata. Shirinmu a lokacin mai sauƙi ne, mu tara kuɗi mu nemi tallafi mu raba wa iyaye mata keken ɗinki, shikenan yara su daina talla. Ƙanin mijina ya kai mu wurin wata malama da ta koyar da shi a Jami'ar Bayero don ta duba mana wasiƙar neman tallafi, ta karanta ta ajiye tace, Malama wa ya ce muku keke suke so, kun tambaye su? Muka yi shiru. Tace ku fara zuwa ku ji daga bakin iyayen da yaran kansu, kuma ku sani duk wanda zai ba ku ko sisi sai ya tambayi takardar rajista da asusun banki da sunan ƙungiya. Daga ofishinta aikinmu ya rabu gida biyu, takardu da bincike.

Mun fara da ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da ƙungiyoyin al'umma. Abin da suka nema: wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, tsarin mulkin ƙungiya, rubutaccen bayanin zaman da aka zaɓi shugabanni da sa hannun waɗanda suka halarta, fasfo bibbiyu na shugabanni, da shaidar mai unguwa cewa ya san da mu. Ita wannan shaidar ƙanin mijina ne ya tari mai unguwa a ƙofar masallaci bayan magariba ya buga mana hatimi a tsaye, mu kuma muka ɗauka ai mun sanar da shi, ku riƙe wannan don zai dawo mana. Na kai fayil ranar Litinin aka ce in dawo Alhamis, na koma aka ce wanda ya karɓa ya tafi ta'aziyya, mako na gaba aka duba aka ce babu fayil ɗin kwata-kwata. Ban yi fotokwafi ba, ban sa an buga min shaidar karɓa ba, haka muka sake wanko fasfo muka sake bin mutane gida-gida su sa hannu. Tun daga ranar duk takardar da zan miƙa a kowane ofis kwafi biyu nake yi, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa in dawo da ita gida. Wata guda ya ci kafin takardar ta fito.

Ita ta ƙaramar hukuma tana da amfaninta, ita ce ma muka kai ma'aikatar mata ta jiha aka sa mu a jerin ƙungiyoyi, amma banki da masu ba da tallafi ta CAC suke tambaya, wato hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. A nan muka yi asara ta farko. Wani yaro mai shagon intanet yace zai yi mana cikin sati biyu, muka ba shi 40,000, Allah ya taimake mu ƙanin mijina ya leƙa kwamfutar ya ga ashe rajistar sunan kasuwanci yake cike mana, irin ta mai shago. Ƙungiyar da ba don riba ba, a dokar kamfanoni ta 2020, rajistar amintattu ake yi mata, wato a zaɓi mutum biyu ko fiye waɗanda za su riƙe amanar ƙungiya da dukiyarta a gaban doka, kuma hanyarta daban ce gaba ɗaya. Rabin kuɗin kawai muka iya karɓowa. Daga nan muka samu wata lauya da ta saba aikin, ta zaunar da mu ta jera mana matakan: a nemi amincewa da suna, a buga sanarwa a jaridu biyu na ƙasa, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, kowane amintacce ya cike fom ya yi rantsuwa a kotu, sannan a ɗora komai a shafin hukumar tare da tsarin mulki da bayanin zama da katin ɗan ƙasa.

Sunan farko da muka zaɓa bai wuce ba saboda ya yi kama da na wata ƙungiya da ta riga mu, na biyu ya wuce. Amma abin da ya cinye mana lokaci ba suna ba ne, lambar NIN ɗin Hajiya ce. A katin ɗan ƙasa sunan marigayi mijinta ne a bayan nata, a BVN sunan mahaifinta, shekarar haihuwa ma ba ɗaya ba saboda duk inda aka tambaye ta sai mai cike fom ya kalle ta ya ƙiyasta. Sai da aka yi takardar rantsuwa aka bi layin gyara, ta yi ta zirga-zirga da ciwon ƙafarta har tace mu cire ta mu sa wani, muka ƙi, don ita ce matan unguwa suka fi yarda da ita. A lokacin na ɗauka matsalar Hajiya ce ita kaɗai, sai da muka shiga gidaje na gane rabin matan unguwa haka takardunsu suke, in ma suna da su. Don Allah kafin ku rubuta sunan kowa a matsayin amintacce ku ajiye NIN da BVN ɗinsa gefe da gefe ku duba harafi bayan harafi.

Kwana 28 ɗin namu ya faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun naira na watan Fabrairun 2023, kowa ya san yadda aka sha. Kuɗin jarida da na hukuma ta waya aka tura, amma kuɗin mota da fotokwafi da 'yan ƙananan abubuwa na zuwa kotu sai tsaba, na taɓa yini a layin mai POS don in samu 5,000. Ga zaɓe ya shigo, ga azumi, komai ya yi sanyi. Bayan ƙaramar Sallah lauya ta kira ni tace satifiket ya fito, ta turo min ta WhatsApp, don yanzu ba zuwa ake a karɓo ba, saukewa ake daga intanet a buga. Na tsaya a ofishin malamai ina kallon sunan ƙungiyarmu da lamba a jiki, hawaye suka zubo min. Da muka yi lissafi, da kuɗin lauya da jaridu da kotu da asarar mai shagon intanet, mun kashe kusan 170,000, kuma jaridun nan biyu sun fi kuɗin hukumar kanta ci. Wannan lissafin 2023 ne, komai ya tashi tun daga lokacin.

Sai banki. Na zata da satifiket a hannu yini ɗaya ne. Suka nemi lambar haraji ta ƙungiya, takardar shawarar amintattu da ta faɗi su waye za su riƙa sa hannu, BVN da fasfo na kowannensu, takardar wuta don shaidar adireshi, mutum biyu masu asusu da za su tsaya mana, sannan satifiket ɗin SCUML, wanda ban taɓa jin sunansa ba sai ranar. Sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ƙungiyoyi irin namu banki na neman su kawo shaidarsa. Rajistar kyauta ce kuma ta intanet ake yi, na maimaita, kyauta ce, saboda a ƙofar bankin wani ya tare ni yace in kawo 30,000 ya fito min da ita. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne fom ɗin yana tambayar bayanin asusu, banki kuma yana tambayar satifiket. Ma'aikaciya ta farko tace ba abin da za ta iya yi, sai a zuwa na uku wani ya gaya mana za su iya buɗe asusun su ba mu lamba amma ba cire kuɗi sai mun kawo takardar. Da an faɗa mana haka ranar farko da mun huta da sati uku. Mun sa dole sai mutum biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita, kuma ba a haɗa 'yan gida ɗaya, ni da ƙanin mijina ba ma sa hannu tare.

Ana cikin haka malamar jami'a tana taya mu tsara tambayoyi. Da ta ga akwai tambaya kan al'adar 'yan mata da kuma abin da ke samunsu a wurin talla, tace wannan ba a yin sa sai da izinin kwamitin tantance bincike, muka kai na ma'aikatar lafiya ta jiha. Sun nemi wasiƙa, bayanin binciken gaba ɗaya, tambayoyin, takardar neman yardar wanda za a tambaya da Turanci da Hausa, da risit ɗin kuɗin dubawa. Sun dawo mana da shi da gyara guda uku, kuma gaskiya duk ukun sun fi mu gaskiya. Na ɗaya, yarinyar da ba ta kai 18 ba sai an samu yardar iyayenta sannan ita ma a tambaye ta daban, in tace a'a to a'a ne ko da uwarta ta yarda. Na biyu, kar a rubuta suna a jikin amsa, lamba za a sa, littafin sunayen a kulle shi wani wuri daban. Na uku shi ne ya fi tsaya min a rai, suka ce in yarinya ta gaya muku an taɓa ta, me za ku yi, ku rubuta ku wuce? Ba mu taɓa tunanin wannan ba. Ma'aikaciyar jinyarmu ce ta je ta samo bayanin cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, inda ake kula da waɗanda aka ci zarafinsu, muka rubuta matakin da za a bi tun kafin a shiga gida ko ɗaya.

Toh ga takardu sun cika jaka, muka ɗauka mun gama da mai wuya. Ranar Asabar mu huɗu muka shiga layin farko da fom da wayoyi. Gida na farko aka karɓe mu, na biyu ma haka, kafin azahar labari ya zaga unguwa ta fuska biyu. Wasu suka ce masu rubuta sunan tallafi ne sun zo, mata suka yi ta turo yara da katin zaɓe. Wasu kuma suka ce masu tsarin iyali ne, ai ga ma'aikaciyar asibiti a cikinsu. Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin kalma ɗaya ce. A saman takardar neman yarda mun fassara manufarmu da "daidaiton jinsi", wani matashi ya karanta a zaure ya ɗaga murya yace kun ji ko, jinsi, 'yan auren jinsi ne. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Wani magidanci ya tsaya a ƙofar gidansa yace Malama ina ganin mutuncinki kina koyar da 'ya'yana, ki juya kawai. Muka juya. Daren nan ban yi barci ba, wata shida na wahala da kuɗin mutane, ga sunana da na mijina a bakin unguwa.

Da safe mai unguwa ya aiko. Muka je da mijina da malamin Islamiyya, muka zauna a ƙasa muka gaishe shi, nace ranka ya daɗe ai mun kawo maka takarda ka buga mana hatimi. Yace 'yata, hatimi na buga muku na shaida ku 'yan unguwar nan ne, ban ba ku gidajen mutane ba, ko kun zauna kun gaya min me za ku tambayi matan mutane? Ba mu da amsa. Ya sa aka karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce a cire guda biyu da ke tambayar nawa miji ke samu, yace wannan ku tambayi mazan da kansu, kuma ya yi gaskiya. Shi ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya haɗa mu da wasiƙa zuwa fadar hakimi, a can muka jira tun hantsi har bayan azahar kafin a shigar da mu, magana ba ta fi minti goma ba aka sa mana albarka aka ce a dawo da sakamako. Sati biyu wannan zagayen ya ɗauka kuma ba a karɓi ko kwabo ba, goro kawai muka kai don girmamawa.

Wurin liman ne na fi jin tsoro, sai ya zama nan ne aka fi fahimtarmu. Nace Allah gafarta Malam, mu abin da muke nufi kar 'ya mace ta zama ita kaɗai ke biyan kuɗin talaucin gida, ɗan'uwanta na aji ita tana titi. Ya yi shiru sannan yace to me ya hana ku faɗi haka, me ya kai ku ga kalmar da ba a san ta da wannan ma'anar ba a nan? Shi da kansa ya kawo zancen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'Yan Taru, yadda take tura jajis, wato matan da ta koyar, ƙauye-ƙauye su koyar da mata a cikin gidajensu, yace shiga gida don ilimin mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Muka mayar da takardar ga kwamitin tantancewa da sabuwar fassara, "adalci tsakanin 'ya'ya mata da maza", ba mu canja manufarmu ba ko kaɗan. Ranar Juma'a liman ya yi sanarwa bayan sallah, mai unguwa ya haɗa mu da wata tsohuwar ungozoma da ba gidan da ba ta karɓi haihuwa ba, ita ke yin sallama mu bi bayanta.

Aikin shiga gidaje ya kama daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, kuɗin motar da muka ware ya ƙare a sati uku, sauran da ƙafa muka yi cikin taɓon damina. Gida 90 muka shiga, bibbiyu, ɗaya na tambaya ɗaya na shigarwa a manhajar KoboCollect, wadda ke aiki ko babu data sai an dawo gida a tura. Mun koyi abubuwa da ba a rubuce suke ba. Da safe ba a samun mace tana kan kaskon suya, bayan azahar ne lokaci. Ba a tambayar mace gaban kishiyarta ko surukarta, amsar da za ki samu ba tata ba ce. Waya a hannu tana sa a zaci hoto ake ɗauka, sai mun juya fuskar wayar mun nuna. Kuma a kowace ƙofa sai mun faɗa ƙarara cewa ba tallafi muka kawo ba, wasu suna jin haka suke cewa to a sauka lafiya, mu yi godiya mu wuce.

Abin da muka ji ya rushe maganar keken ɗinki tun a satin farko. Kusan kowace mace tana da sana'a, awara, ƙuli-ƙuli, ɗanwake, taliyar murji, ɗinkin hula, kitso. Abin da ba ta da shi hanyar kaiwa ga mai saye ne, ita ba ta fita, ƙafarta ita ce 'yarta. Wata tace min Malama in ta zauna a aji wa zai fitar min da awarar, babansu in ya fita da asuba sai dare kuma abin da ya kawo ba ya kai mu. Da mun ba ta keke da mun ƙara mata kayan da yarinyar za ta ɗauka ne kawai. Sai maganar kayan ɗaki, wadda kusan duk uwa ta ambata, ribar talla adashi take tafiya don gado da katifa da kwanuka, wata tace ranar da aka kai ta ɗaki babu komai ni za a zaga ba ubanta ba. Makaranta kyauta ce a doka, Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole tun 2019, amma yunifom da takalmi da littafi da kuɗin tara ba kyauta ba ne, in kuɗin na mutum ɗaya ne namiji ake ba wa. Su kuma yaran abin da suka faɗa daban ne, da yawa daga waɗanda suka fara al'ada sun ce banɗakin makaranta ba ƙofa ba ruwa, sai su zauna a gida kwana biyar, daga nan karatu ya wuce su, daga nan a ce tunda kina zaune ɗauki farantin. Wasu sun gaya mana yadda mai saye a gareji ko kango zai ce sai ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta. Sau biyu muka bi matakin nan da kwamiti ya sa muka rubuta, ba zan ce komai a kai ba bayan wannan.

Akwai kuma zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu, su ne 'ya'yansu suka fi kowa daɗewa a titi. Mun samu mata da shekaru sun wuce ba a raba gadon ba, gida ko gona na hannun ƙanin miji ko yayan yaran, ko tumunin takaba ba a ba su ba, kuma suna jin kunyar tambaya kar a ce sun kai dangi ƙara. Da muka kai wa liman wannan ya yi huɗuba guda a kan ayoyin gado na Suratun Nisa'i, daga baya shi da mai unguwa suka zaunar da gida uku aka raba ba tare da an je kotu ba.

Kafin mu rubuta rahoto mun koma mun karanta wa mutanen abin da muka ji, mata a ajin makarantarmu ranar Asabar, maza kuma malamin Islamiyya da ƙanin mijina suka same su a majalisa bayan la'asar. A wurin matan ne aka kawo shawarar da muke kai yanzu, ba daga gare mu ta fito ba. Wata tace in da za a samu rumfa a bakin titi da babbar mace za ta zauna, kowa ta aika kayanta da safe kafin yara su tafi makaranta, a ba mai zaman wani abu a kan kowane ciniki. Dagaci ya ba da wuri, Hajiya ta zauna. Watan farko asara muka yi saboda bashi da rashin rubutu, har mata biyu suka janye kayansu da faɗa, sai da muka sa littafi da dokar ba bashi. Ma'aikaciyar jinyarmu da ke da dangi a Maraɗi ta kawo tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991, akwati mai makulli uku a hannun mata uku, ana zubi duk sati ana ba da rance a raba riba a ƙarshen zango, yanzu rukuni biyu muke da su kuma kuɗin kayan ɗaki can yake taruwa. Mun kwashi mata rukuni-rukuni an yi musu NIN, mun kai maganar banɗaki gaban SBMC, kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa da ke kula da makaranta, iyaye maza suka sa ƙofofi biyu da randa. A watan Satumba yara goma sha ɗaya suka dawo aji. Yarinyar nan mai lissafi ba ta cikinsu, an ɗaura mata aure ana cikin binciken, na je har ɗakinta na roƙi mijin ya bar ta ta shiga ajin manya na Hukumar Ilimin Manya, yace zai duba.

In da yau zan sake farawa, da mai unguwa da liman da ungozoma zan fara zama tun kafin in sayi fayil, in karanta musu komai, don takardun CAC da na banki ba su buɗe mana zaure ko ɗaya ba. Zan bar takardun su riƙa tafiya a gefe tunda jira ne mafi yawansu, kuma zan ware wata shida zuwa takwas ba sati biyu ba. Duk kalmar da zan sa a takarda sai na karanta wa wata tsohuwa da wani matashi a unguwar na ji me suka fahimta. Ba zan nemi tallafi ba sai na gama jin mutane, mu ɗan tallafin da muka samu daga baya rahoton nan ne ya jawo shi, kuma rumfa da akwatuna muka rubuta ba keke ba. Sannan ku sani rajista ba a gama ta, duk shekara akwai rahoton da ake kai wa CAC tare da lissafin kuɗi, in an yi jinkiri akwai tara, don haka risit ko na fotokwafin naira 50 ne a ajiye shi.

Yanzu abin da ke gabanmu rumfa ta biyu ce a ɗaya bakin unguwar, matan can sun ce tasu ta yi musu nisa kuma har yanzu 'ya'yansu ke fita. Mun kai wa dagaci maganar wuri yace a bari a gama damina. Mijin yarinyar nan kuma na sake aika masa ta hannun liman ranar Juma'ar da ta wuce, ajin manya zai buɗe sabon zango bayan hutu kuma na riga na karɓar mata fom na ajiye a jakata.